Ambulan Merle Hovland

Rabon garinmu Kettle Ford da ya mallaki ƙungiyar ganga da ƙaho tasa ta kansa, yau shekara ashirin ke nan. Ƙahonin an sayar, gangunan an ba makarantar sakandare, tutocin kuma matar fasto ta yi labule da su. Abin da ya rage mana biyu ne: gasar da ake yi a filin ƙwallonmu ranar Asabar ta biyu a watan Yuli, inda ƙungiyoyin wasu garuruwa ke zuwa su fafata, sai kuma masana. Mu dubu ɗaya da ɗari takwas ne a garin, kuma babu mutum ɗaya a cikinmu da ba masani ba.

Babban masaninmu shi ne Merle Hovland, mai gyaran injin yankan ciyawa. In ka ji shi yana ba da labarin zamanin da yake busa ƙaho, sai ka ɗauka shi ya ƙera ƙahon. Gaskiyar kuwa, mako uku ya yi a ƙungiyar, ranar faretinsa na farko rana ta buge shi ya faɗi a gaban gidan waya. Kowa ya san haka, shi ma ya san mun sani. Ba ta hana shi komai ba.

Abu ɗaya ne bakin Merle ya kasa faɗa a duniya, shi ne yana son Lorna Pietsch, mai shagon kofi. Lorna tana da kujeru biyu a tsakiyar wurin zaman 'yan kallo, can sama inda ake ganin sahu kamar zane. Ɗaya tata, ɗaya ta mijinta da ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Har yanzu duka biyun take saye, ta zauna a ɗaya. A garinmu kuwa, duk wanda aka gani a kujerar nan, ba sai an buga katin gayyatar aure ba, kowa ya gane.

Ranar Alhamis da safe shagon ya cika. Gordy Stensrud, likitan haƙorin da ya yi ritaya, wanda shi ma idonsa ke kan kujerar, ya ɗaga kofinsa ya ce, "Lorna, bana rana za ta yi zafi can sama. Kina buƙatar mai riƙe miki fankar hannu."

Merle ya ajiye cokali. "Mai fanka? Abin da ake buƙata can sama shi ne wanda zai bayyana mata abin da take gani. Kai ko bambancin ƙaho da bututun famfo ba ka sani ba."

"Na san bambancin tsayuwa da faɗuwa a gaban gidan waya."

Aka kwashe da dariya. Kunnuwan Merle suka yi ja.

"Ƙungiya biyar za su zo," in ji shi. "Zan jera su tun daga ta ɗaya har ta biyar kafin a busa ƙaho ɗaya. In rubuta, in rufe a ambulan, in ba Vern. Ya karanta a lasifika kafin a faɗi maki."

Vern Oleksy, mai sanarwa a filin, ya ɗago daga kan ƙwansa. "A gaban mutum dubu biyu? Merle, ka sha ruwa tukuna."

"A gaban mutum dubu biyu. In na dace duka biyar, kujerar tawa ce. In na kuskure ko ɗaya, na bar wa mai cire haƙori hanya, ba zan ƙara ko kallon wajen ba."

"Na yarda," in ji Gordy, tun kafin Merle ya rufe baki.

Lorna ta zo da butar kofi, ta dubi wannan ta dubi wancan. "Sannunku da rabon gado, mai kaya na raye," ta ce. Ta cika wa kowa kofi ta wuce. Merle ya fassara wannan da cewa ta amince.

Dabararsa mai sauƙi ce. Ƙungiyoyin nan a motocin bas suke yawo duk bazara, su kwana a daɓen ɗakunan wasanni na makarantu, su wuni suna atisaye. Ranar Juma'a duka biyar za su sauka a makarantun kewayenmu. Alƙalai minti goma sha ɗaya kawai suke ganin kowace ƙungiya. Shi kuwa zai gan su a gida, ba kwalliya, ba ado.

Ya fara da ƙungiyar Maƙera, waɗanda aka sauke a makarantar gabas. Ya ɓoye akori-kurarsa, ya kutsa cikin gonar masara, ya leƙo ta tsakanin kara. Matasa ɗari da ashirin a cikin rana, gajerun wanduna da huluna, wani mutum a kan dogon tsani riƙe da lasifika yana zage su.

"Sake! Ta shida daga hagu, ƙafarki ta makara! Sake! Kakata da sandarta ta fi ku iya juyi! Daga farko!"

Taku goma sha shida suke yi ya tsayar da su. Merle ya ƙirga har sau talatin da ɗaya. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya rubuta: Maƙera, na biyar. Mutanen da ko taku ashirin ba a bari su yi.

Yana fitowa daga masara, ganye a gashinsa, wata ƙatuwar mata mai ɗaure da ƙyallen girki a ƙugu ta cafke hannunsa.

"Sai yanzu? Tun ƙarfe takwas aka ce min wani uba zai zo taimako."

"A'a, ni dai…"

"Uban wa ne kai?"

In ya ce ba uban kowa ba ne, sai ya faɗi abin da yake yi a cikin masara. "Na… mai ƙaho."

"Masu ƙaho sittin ne."

"Dogon nan."

"Duk dogaye ne. Ungo wuƙa. Sunana Dot, kuma ba na son surutu."

Ta tura shi bayan motar girki, gaban buhun albasa. Sa'a biyu da rabi ya yi a nan, hawaye na zuba, Dot na cewa ya rage kauri. Da ya ce zai je ya gaishe da ɗansa, ta ce ɗan zai fi son ganin albasa. Sai da ta juya ɗauko tukunya ya sulale ta ƙarƙashin wayar shinge, ya bar mata rabin aljihun wandonsa.

A makarantar arewa ya tarar da Zakaru. Shiru kamar maƙabarta. Duk suna kwance a inuwar itatuwa, wasu sun rufe fuska da hula, ƙahoni a jere kan ciyawa babu mai taɓa su. Can gefe, wani dogon layi a ƙofar banɗaki, ba mai magana, ba mai ture wani.

Merle ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Har banɗaki sahu suke yi!

Ya matsa kusa da shugabansu, wanda ke zaune kan akwati ya dafe kai. "Yaya shiri, maigida?"

"Ba mu taɓa ƙaho ba tun jiya da rana," in ji mutumin, bai ko ɗago ba. "Ko abinci ba mai nema."

Merle ya koma mota da sanɗa don kada ya katse musu natsuwa. Wanda ya iya, ba ya atisaye. Zaki ba ya koyon gurnani ana gobe farauta. Ya rubuta: Zakaru, na ɗaya, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Bai tsaya tambaya ba, balle a gaya masa cewa jiya an manta da kwanon haɗin kifin gwangwani a rana tun safe, kuma kowa ya ci har da ƙari.

Tartsatsi su ne matsala, don sun kulle ƙofar fili ba sa barin baƙo. Amma Merle ya zo da shiri. Alƙalan gasa koriyar riga suke sawa, su riƙa yawo cikin sahu da ƙaramin rakoda suna faɗin abin da suka gani. Ya sa koriyar rigarsa ta zuwa kamun kifi, ya ɗauki rakodar da ba batir, ya ɗaga wa mai gadi kai kamar yadda manya ke yi. Mai gadi ya buɗe.

Abin da Merle bai lura da shi ba a shekara talatin na kallo daga sama shi ne, ba a kauce wa alƙali. Tun ranar farko ake koya wa kowane makaɗi: in alƙali ya tsaya a hanyarka, bi ta kansa. Shi alƙali ya san inda sahu zai nufa, ya iya zillewa. Aikinsa ke nan.

Merle ya shiga tsakiyar fili yana magana da rakoda. "Ƙahoni ba laifi. Takun yana buƙatar…" Sai ya ga sahun gabansa ya tsage biyu, ya ji daɗi, ya ɗauka girmamawa ce. Sahun ya rufe a bayansa. Tuta ta share masa hula. Ya yi hagu, ƙahoni ashirin suka nufo shi. Ya yi dama, wata yarinya ta cilla bindigar katako sama, ya tsaya yana kallon inda za ta sauka. Bai ga manyan ganguna biyar da ke tahowa da baya-baya ba.

Ta farko ta ture shi. Ta biyu ta juya shi. Ta uku, sandarta ta same shi a ido, daidai kan kiɗa.

Yana kwance yana kallon sama, ƙafafu na tsallake shi ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ɓata taku. Aka tsayar da kiɗa. Malaminsu ya sunkuyo.

"Kai wane ne?"

"Alƙali."

"Na wace kotun?"

Mutum biyu suka raka shi ƙofa, ɗaya riƙe da hularsa, ɗaya da takalminsa. A mota ya rubuta: Tartsatsi, na huɗu. Ba tarbiyya.

Masunta kuwa bai iya fita daga mota ba, ƙugu ya riƙe. Ya tsaya bayan makarantarsu ya sauke gilashi. Wani kiɗa ya taso daga bayan ɗakin taro, mai kauri, mai tsafta, ba tuntuɓe ko ɗaya, har ido mai lafiyar ya kawo ruwa. Ya rubuta: na biyu. Da ya leƙa kwanar ginin, da ya ga direban bas ɗinsu yana wanke taya ya ƙure faifan waɗanda suka ci gasar bara. Masuntan suna wurin wankin kaya.

Saura Shamuwa, mil ashirin a kudu. Ya dubi ido a madubi, ya dubi hanya. Gurbi ɗaya ne ya rage a takarda. Ya cusa su na uku, ya lashe ambulan, ya kai wa Vern.

"Me ya sami idonka?" in ji Vern.

"Bincike."

"Warin albasar fa?"

"Shi ma."

Asabar da la'asar fili ya cika maƙil, hayaƙin gasasshiyar masara ya rufe ƙofar shiga. Merle ya tsaya a bakin waya a ƙasa, ido ɗaya ya zama shuɗi. Can sama Lorna na zaune, farar hula a kanta. Gordy ya sayi kujerar da ke bayanta, ya zo da fanka.

Zakaru suka fara shigowa. Merle ya dafa kafaɗar na kusa da shi. "Kalli yadda ake yi."

Ƙahonin suka tashi kamar kukan ɗan maraƙi. Sahun ya karkace tun a juyin farko. A tsakiyar waƙa ta biyu wani mai ƙatoton ƙaho ya ajiye shi a hankali kan ciyawa, ya bar fili da wani irin gudu na mai taka-tsantsan. Biyu suka bi bayansa.

"Salo ne," in ji Merle. Muryarsa ba ta fita sosai ba.

Masunta suka yi abin da za su iya. Shamuwa ba yabo ba fallasa. Tartsatsi suka shigo, manyan gangunan nan biyar suka yi baya-baya a guje kamar an ɗaure su da igiya, mutane suka miƙe tsaye, idon Merle ya fara zogi da kansa. Da Maƙera suka juyo suka saki ƙahoni sittin a fuskar jama'a, sai da benci ya girgiza. Taku goma sha shidan nan da aka sake sau talatin da ɗaya suka wuce cikin daƙiƙa takwas, sumul kamar an goge da man shanu.

Merle ya hau matattakala zuwa ɗakin sanarwa yana ɗingishi.

"Vern, ɗan'uwana. Ba ni ambulan ɗin nan, na manta ban sa kwanan wata ba."

"Zan sa maka."

"Akwai kuskuren rubutu."

"Na saba da rubutunka."

"Zan gyara maka injinka kyauta har ƙarshen rayuwarka."

"Kai ka gyara shi bara, shi ya sa nake yanka da lauje. Sauka, Merle. Mutum dubu biyu sun biya kuɗin shiga, rabinsu don wannan takardar."

Ƙungiyoyi biyar suka jeru a fili, kowa ƙam, ba mai motsi, kamar yadda aka saba lokacin faɗin maki. Vern ya yi gyaran murya, ya bayyana yarjejeniyar shagon kofi har da lambar kujera, sannan ya yage ambulan.

"Hasashen Mista Hovland. Na ɗaya, Zakaru." Wani ya yi tari. "Na biyu, Masunta. Na uku, Shamuwa. Na huɗu, Tartsatsi. Na biyar, Maƙera."

Wata murya ta tsaga filin daga wajen motocin girki. "Kai! Ai mai albasata ne wancan! Ka bar min rabin buhu, uban dogo!"

Vern ya jira dariya ta lafa. Maki daga ƙasa ake faɗa zuwa sama. "A matsayi na biyar… Zakaru."

"Merle!" Gordy ya ƙwala daga sama. "Naka aka fara kira! Barka!"

"A matsayi na huɗu… Masunta."

Nan jama'a suka fara ganewa. Wata tsohuwa ta ɗaga yatsu tana lissafi, ta daki cinyar mijinta. Kafin Vern ya buɗe baki, rabin fili ya amsa, "Shamuwa!"

"A matsayi na uku, Shamuwa."

"Na ci wannan!" Merle ya yi ihu, ya ɗaga hannu sama. "Ku shaida, na ci na uku!"

"Su ne kaɗai ba ka je gani ba!" in ji mai gidan mai, wanda ya san inda akori-kurar kowa ta je.

Daga nan ba wanda ya saurari Vern. Mutum dubu biyu suka rera "Tartsatsi!" tare, sannan "Maƙera!", suna buga ƙafa. Maƙeran kansu ba su da izinin motsi, amma kana ganin gashin hulunansu na rawa tun daga gaba har baya. Vern ya rufe da cewa duk mai son sanin ranar da ba za a yi ɗaurin aurensa ba, ya nemi Mista Hovland a bakin waya.

Merle ya cire hula ya rusuna wa jama'a, don ba abin da ya rage. "Ba kowa ke iya kuskure biyar a jere ba," ya ce wa na kusa da shi. "Ni ma huɗu na samu."

Ya juya zai bi ta ƙofar baya. Sai ya ji an kira sunansa daga sama, ba da ihu ba.

Hawan ya yi masa tsawo. Kowane mataki akwai mai gaishe shi da "ranka ya daɗe, alƙali." Da ya isa, Gordy ya riga ya miƙe, ya gyara kwala, ƙafa ɗaya ta tsallako benci.

"Yarjejeniya yarjejeniya ce," in ji Gordy.

"Da wa ka yi ta?" in ji Lorna.

"Da Merle."

"To ka je ka zauna a kujerar Merle." Ta juyo. Ta daɗe tana kallon idon nan shuɗi, da rigar da har yanzu ke tashin warin albasa. "Ka shiga gonar mutane. Ka yanka albasa. An taka ka da ganga. Duk don kujera."

"Ganga uku ne."

"Shekara huɗu tana nan ba kowa. An yi mata caca, an kawo mata fanka. Ba wanda ya taɓa cewa, Lorna, in zauna?"

Merle ya buɗe baki. Bakin da ya jera ƙungiyoyi biyar a gaban gari ya tsaya cak. Ya murza hularsa har ta zama igiya. A ƙasa, Maƙera sun fara haɗa da'ira don kiɗan nasara.

"Lorna," ya ce da ƙyar. "In zauna?"

Ta ɗauke jakarta daga kan kujerar ta ɗora a cinya. "Zauna. Amma kada ka bayyana min komai."

Ya zauna a gefen-gefe, kamar kujerar na da zafi. Gordy ya tsaya da ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, sannan ya fara yi wa kansa fifita.

Lorna ta ɗaga kai ta dubi yamma, inda wani ɗan gajimare ya leƙo bayan rumbunan hatsi. "Kana ganin za a yi ruwa?"

Merle ya dubi sama da ido ɗaya, ya gyara zama, ƙirjinsa ya fara dawowa wurinsa. "Ko ɗigo. Na ba ki tabbaci."

Ta sa hannu a jaka ta zaro laima, ta buɗe, ta matso kusa har kafaɗarta ta taɓa tasa.